Shin manzannin Yesu sun bar addinin Yahudawa?

Tambaya: Malam, a ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki wani ya ce Bitrus da sauran manzanni Yahudawa ne har ƙarshen rayuwarsu. Ni kuwa a sanina barin wancan addini suka yi suka kafa sabo. Wanne ne daidai?

Amsa: 'Yar'uwa, ɗan ajin naku ya fi kusa da gaskiya. Buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 3, za ki tarar da Bitrus da Yohanna suna hawa Haikali a Urushalima don addu'ar ƙarfe uku na yamma, bayan tashin Yesu ke nan. Wanda ya yi hannun riga da addini ba ya tsare lokutan ibadarsa haka. Ranar Fentikos ma, wadda ita kanta idin Yahudawa ce, da Annabi Yowel da Zabura Bitrus ya kafa hujja. Sabon Alkawari bai zo a rubuce ba tukuna, Nassi a bakinsu shi ne Attaura da Annabawa da Zabura. Inda suka sha bamban da danginsu shi ne cewa Almasihun da ake jira ya riga ya zo, Yesu ne, ya kuma tashi daga matattu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, amma gardama ce ta cikin gida.

Abin da ya ɗaure musu kai shi ne baƙi. In Bahelene ya ba da gaskiya, sai an yi masa kaciya ya bi Shari'ar Musa? A Antakiya Bitrus yana cin abinci kwano ɗaya da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da mutanen Yakubu ɗan'uwan Yesu suka iso daga Urushalima sai ya janye jikinsa. Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, shi da kansa ya ba da labarin a Galatiyawa sura ta 2. Kar ki manta Bulus ɗin Bafarisiye ne ɗan kabilar Biliyaminu, wanda in ya sauka a gari majami'ar Yahudawa yake fara nema ranar Asabar. Taron Urushalima, wajen shekara ta 49, ya yanke cewa kada a ɗora wa al'ummai kaciya, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Lura, ba wanda ya ce Bayahude mai bi ya daina tasa al'ada.

Rabuwar a hankali ta zo. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, bayan tawayen da Bar Kokba ya jagoranci Yahudawa suka yi wa Romawa kuma, a 135, Sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa zama a Urushalima, shugabancin ikkilisiyar birnin ya koma hannun al'ummai. Wani tsohon littafin koyarwa mai suna Didake ya umarci masu bi su yi azumi Laraba da Jumma'a, su bar Litinin da Alhamis, ranakun azumin Yahudawa. Azumin sau biyu a mako yana nan, ranakun kawai aka sauya. Har a shekara ta 386 mai wa'azi Yohanna Kirisostom yana faɗa daga mumbari a Antakiya, saboda wasu Kiristocin garin ba su daina zuwa majami'ar Yahudawa lokacin idinsu ba.