Ɗana zai fara ƙwallon gora na kan ƙanƙara a Kanada: kask kaɗai ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni uwa ce daga Bukoki, Yamai. Ɗana mai shekara 11 yana hannun ƙanena a Monreyal, ya nace sai ya shiga ƙwallon gora na kan ƙanƙara, har kawun ma ya ce zai gwada. Abin da na gani a Facebook ya hana ni barci. Kawun ya ce muddin da kask, wato hular kwano, a kansa ba abin da zai same shi. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, amma a maganar kawu akwai gyara.

Ya fara koyon sulɓi a kan ƙanƙara tukuna kafin ya riƙe gora: tafiya, tsayawa, faɗuwa da tashi. Takalmin sulɓin, mai kaifin ƙarfe a ƙasansa, yakan gaza wanda yake sawa kullum da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi. Kada a yi masa irin sayayyarmu ta Sallah, a ɗauko babba wai ya girma a ciki. Dunduniya na motsi, idon sawu zai gurɗe. Gorar ta kai masa haɓa in yana sanye da takalmin. Ƙwallon faifan roba ne mai tauri, kusan giram 170, don haka kask ɗin ya zama mai ragar ƙarfe a fuska da tambarin CSA, mai tantance ingancin kaya a Kanada, ba na kabu-kabu ba, ba kuma tsatstsagaggen gwanjo ba. Mayanin kare wuya dole ne: a Oktoba 2023 kaifin takalmi ya yanki wuyan ɗan wasa Adam Johnson a Ingila, ya rasu. Tun 2013 hukumar wasan ta Kanada ta hana bangaza ga ƴan ƙasa da shekara 13. Kawu kuwa ya nemi ƙungiyar manya ta nishaɗi wadda ba a bangaza.

Sai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kask ƙoƙon kai yake karewa daga fashewa, ba ya hana ƙwaƙwalwa girgiza. Ki saka ƙwai a kwano mai murfi ki jijjiga: kwanon lafiya lau, ƙwan fa? Ƙwaƙwalwa cikin ruwa take, kai na tsayawa farat ɗaya sai ta bugi ƙashi daga ciki. Ko a kafaɗa aka buge shi, hakan na iya faruwa.

Sai ki ji ana cewa "ai bai suma ba". Mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma! Yaro ya tashi yana layi, haske na damunsa, yana maimaita tambaya ɗaya, sai wani gwanin baki ya watsa masa ruwa, ya ba shi ƙwaya, ya ce namiji ne ya koma fili. Wannan ganganci ne. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa har a rasa rai. Abin da ya kashe Rowan Stringer ke nan, ƴar shekara 17 mai wasan rugbi, a 2013, har jihar Ontariyo ta kafa doka da sunanta a 2018. Man zafi da tofin mai ɗori ba sa kai wa cikin ƙoƙon kai.

In an yi zargin girgizar ƙwaƙwalwa, wasan ranar ya ƙare, likita ya duba shi. Ya huta awa 24 zuwa 48, ya rage kallon waya, sannan ya dawo sannu-sannu: tattaki, sulɓi shi kaɗai, atisaye ba gogayya, kowane mataki aƙalla kwana guda. Ciwon kai ya dawo, a ja da baya. Kada a ba shi asfirin a kwanakin farko, yana ƙara zubar jini. Amai a kai a kai, ciwon wuya, gani biyu-biyu, farfaɗiya ko barcin da ba a iya tada shi, kawu ya kira lambar gaggawa 911 nan take.