Na yi HVS sau biyu amma ƙarnin bai tafi ba, wane gwaji ya rage?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina da cikin wata biyar, na uku ke nan. Kusan wata guda ina ganin wani ruwa tsinkakke, fari-fari mai ruwan toka, yana ƙarni kamar na kifi, musamman bayan maigida ya kusance ni. Babu ƙaiƙayi. Na yi HVS, gwajin da ake lakato ruwan gaba da auduga, sau biyu a wani lab na kuɗi. Na farko suka ce babu abin da ya tsiro, na biyu suka rubuta staf, wai wata ƙwayar bakteriya, na sayi magani a kemis na shanye, amma shiru. Ɗana na biyu bakwaini na haife shi, shi ya sa hankalina ya tashi. Wane gwaji ya kamata in yi?

Wata mai juna biyu, Anguwar Rogo, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Yadda kika zayyana abin, zuciyata ta fi karkata ga ciwon da muke kira bakteriyal bajinosis, BV a taƙaice, ko da yake ba a yanke hukunci daga wasiƙa. In kuwa shi ne, to kuɗinki biyu sun tafi a kan gwajin da ba shi ne ke gano shi ba.

Gaban mace mai lafiya cike yake da wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, laktobasilas, waɗanda ke sa wurin ya yi ɗan tsami, dangin waɗanda ke tsamar da nono. Tsamin nan shi ke hana sauran ƙwayoyi sakewa. Idan suka ragu, sai 'yan tsirarun da dama can suna zaune a wurin, irin su gadinerela da mobilunkus, su yi yawa su mamaye gida. Ba a masai ake ɗauko shi ba, duk da sunan ciwon bayan gida da ake liƙa wa kowane ruwa da mace ta gani.

A yawancin ƙananan lab, idan aka ce HVS, abin da ake yi shi ne a shuka abin da aka lakato a faranti, a jira kwana biyu a ga me zai tsiro. Matsalar ita ce akasarin ƙwayoyin BV ba sa son iska, ba sa tsira a irin wannan faranti. Ita kuma gadinerela ko ta tsiro ba hujja ba ce, domin ana samun ta a jikin mata da yawa da lafiyarsu ƙalau. Staf ɗin da aka rubuta miki, sau tari daga fata auduga ke kwaso shi. Na gaji da ganin mata sun shigo da takarda mai staf da leda cike da allurai, alhali ciwon nasu yana nan ko gezau. Irin waɗannan magunguna ma suna iya ƙarasa kashe laktobasilas ɗin da suka rage.

Gwajin da ya dace a ɗakin duba marar lafiya ake fara shi, kuma ba ya cin minti goma sha biyar. Ƙa'idar Amsel ake ce masa, tun 1983 ake aiki da ita. Abu huɗu ake nema, in an samu uku an tabbatar. Likita ko ungozoma za ta sa ƙarfen buɗe gaba ta duba ruwan da idonta: na BV tsinkakke ne, ya shafe bangon farji sumul kamar an watsa madara, ba gudaji-gudaji irin na kindirmo ba, wanda shi ya fi kama da ciwon fangas mai ƙaiƙayi. Kada ƙarfen ya tsorata ki, ba ya isa wurin ɗa, kuma ba ya zubar da ciki. Sannan za ta dangwala wata 'yar takarda mai sauya launi a jikin ruwan don auna tsami, wato pH. Na mai lafiya ba ya wuce 4.5, in ya haura, alama ta biyu ta samu.

Ta uku ke da kanki kin riga kin lura da ita. Ana ɗiga sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari a kan ruwan, nan take ƙarnin kifi ya bugi hanci. Maniyyi ma aikin da yake yi ke nan, yana kashe tsami sai warin ya tashi, shi ya sa kika fi jin sa bayan kwanciyar aure. Ta huɗu a madubin likita ake ganin ta. Ana ɗora ɗigon ruwan a gilashi da ruwan gishiri. Ƙwayar fatar farji mai lafiya gefenta a fili yake tsaf, amma a BV za a gan ta bakteriya sun lulluɓe ta har gefen ya ɓace, kamar ƙuli-ƙulin da aka mirgina cikin yaji. A gilashin nan kuma ake iya hango tirikomonas tana motsi, wata cuta ce da ita ma ke ɗaga pH, kuma tilas a yi wa miji magani in ita ce.

Ni dai ga mai ciki irinki na fi son a haɗa da rinin Gram. A shafa ruwan a gilashi, a bar shi ya bushe, a rina, masanin lab ya ƙirga nau'in ƙwayoyin ya ba da maki bisa ma'aunin Nugent na 1991. Maki 0 zuwa 3 lafiya, 4 zuwa 6 tsaka-tsaki, 7 zuwa 10 BV. Shi ne ma'aunin da ake gwada sauran gwaje-gwaje da shi, kuma kayan aikinsa ba su da tsada, ido ne gwani yake buƙata. Akwai dalilin da ya sa na nace a kai: ciki kan ƙara yawan farin ruwa ko babu ciwo, don haka duba da ido kaɗai yana iya ruɗar mai duba. Dakunan gwaji na manyan asibitoci kamar na koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo suna rinin Gram kullum. Ki roƙi likitarki ta rubuta a takarda ɓaro-ɓaro cewa rinin Gram don BV take so, domin in HVS kawai aka rubuta, faranti za a sake komawa.

Akwai na zamani, irin su OSOM BVBlue da ke ba da amsa cikin mintuna, da masu gano ƙwayoyin ta hanyar DNA kamar BD Max. Suna da kyau, amma da tsada, kuma ba sai da su ba.

Sai abin da ke ɓata mana gwaji a nan Jos fiye da komai. Mace za ta zo asibiti, don kunya sai ta yi tsarki da ruwan zafi da sabulu har ciki, ko ta zauna a ruwan bagaruwa, ta yi turaren tsuguno, ta ɗiga miski. Ta wanke shaidar ke nan kafin alƙali ya zauna. Kwana ɗaya cur kafin ki je, a ɗaga kwanciya, kada ki yi matsi ko ki cusa wani magani, tsarki kuma ya tsaya a waje da ruwa zalla. Jini da maniyyi duk suna ɗaga pH su ba da sakamakon ƙarya. Ki tafi da kwalin maganin da kika sha, a san me ya shiga jikinki da ranar da kika gama shi.

Game da bakwaini, fargabarki tana kan hanya. An san BV yana da alaƙa da haihuwa kafin mako 37, da fashewar faya kafin lokaci, da ciwon mahaifa bayan haihuwa. Mai ciki da ke da alamu ana yi mata magani, galibi metronidazol na kwana bakwai, wanda aka fi sani da Flagyl, ko kilindamaisin, amma likita ce za ta rubuta bayan gwaji. Sai dai bincike bai nuna a fili cewa maganin BV shi kaɗai yana hana sake haihuwar bakwaini ba. Saboda haka ki faɗa wa masu awo tarihin ɗanki na biyu, su yi miki sikanin auna tsawon bakin mahaifa, wanda ake yi tsakanin mako 16 da 24, kuma kina cikin lokacin yanzu.

Idan kuma ruwan ya koma tsararo yana zubowa har ya jiƙa zani, ko kika ga jini, ko zazzaɓi, ko mara tana murɗawa tana saki, kada ki jira ranar awo, ki wuce ɗakin haihuwa ko da tsakar dare ne.