Mutum-mutumi, na'ura da shan magani: amsoshin tambayoyinku

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Malam, ƙanena ya sayo wa mahaifiyarmu wani akwati mai yin ƙara idan lokacin shan magani ya yi. Yara suna kiransa mutum-mutumi. Daidai ne?"

Ba daidai ba ne, 'yar'uwa. Ninkin kalma irin wannan kamanni yake nunawa, kamar yadda ake cewa ruwa-ruwa ko gishiri-gishiri. Mutum-mutumi abu ne mai siffar mutum, irin wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Da aka ƙera injuna masu kai da hannuwa, sai sunan ya zauna musu daram. Akwatin Hajiya kuwa ba kai ba ƙafa. Na'ura ce, kuma ina son wannan kalma. Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin babbar tayar katako mai juyawa tana ɗebo ruwan kogi, irin waɗanda har yanzu suke tsaye a birnin Hama na ƙasar Siriya. Ki buɗe akwatin ki duba: galibi faifai ne mai gurbi 28, yana juyawa a hankali, idan lokaci ya yi sai gurbi ɗaya ya iso bakin ƙofa, sauran suna kulle. Kin ga ashe juyawar nan ta asali ba ta bar kalmar ba. Su Turawa, tasu kalmar, wato "robot", ta fito ne daga "robota" ta harshen Cek, wato aikin tilas, kuma marubuci Karel Čapek ne ya yaɗa ta a wasan kwaikwayonsa na 1920. Su aiki suka duba, mu siffa muka duba. Don haka a daina laƙaba wa duk abin da ke da batir sunan mutum-mutumi.

Wani ya ce: "Me ya sa ake cewa shan magani alhali ƙwaya haɗiye ta ake yi?"

Mai shan iska da mai shan wahala ma ba kurɓa suke yi ba. "Sha" tana da faɗi.

Wani ɗalibin aikin jinya ya tambaya ko karin maganar nan, "in kunne ya ji, jiki ya tsira", ta dace da waɗannan na'urori masu tunatarwa.

Ta dace, ɗana, idan ka fahimci "ji". Yaron da aka ce ba ya ji ai ba kurma ba ne. Ji a nan ɗaukar magana ne da aiki da ita. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu ci gaba, kusan rabin masu doguwar cuta ne kawai ke shan maganinsu bisa ƙa'ida. Na'ura tana taimakawa ƙwarai: tana hana tsohon da ya manta ya sha sau biyu, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko na ciwon suga, wasu ma suna aika saƙo wayar ɗa ko jika idan ba a ɗauka ba. Amma iyakar saninta, ƙwaya ta bar gurbi. Dattijo zai iya karɓa, ya ajiye gefen matashi ya ce bari a kawo ruwa, barci ya ɗauke shi, da safe a tsince ta cikin zanen gado. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa na'ura "tana jinyar" tsoho. Jinya zama ne kusa da mara lafiya, da duban fuskarsa, da lura cewa yau hannunsa na rawa. Kuma idan likita ya sauya magani, mutum ne zai zazzage faifan ya sake jerawa, in ba haka ba na'urar za ta ci gaba da miƙo tsohon a kan lokaci. A ce tana tunatarwa, ko tana rarrabawa. A bar wa masu jinya kalmarsu.

Wata kuma: "Da tsohuwar zuma ake magani, wato tsohon magani ya fi ƙarfi ke nan?"

A'a, Hajiya. Maganar mutane ake yi, tsofaffin hannu da suka ga jiya suka ga yau. Maganin da wa'adinsa ya wuce kada ki zuba shi a na'urar, ki mayar wa mai harhaɗa magunguna.