Injin girbi na hannu (wanda aka taɓa amfani da shi): in saya?

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Kura. An yi mini tallan Kubota DC-70 na hannu, mai yanka shinkafa ya sussuke. Ina so in riƙa yi wa manoma girbi Asabar da Lahadi. Zai fitar da ni? — Mai karatu daga Kura

Amsa: Malam, abin da ya fi damuna shi ne Asabar da Lahadin nan. Shinkafa in ta nuna ba ta jira. Kwana kaɗan sai ta fara zuba, manomin Kadawa kuwa ba zai zauna jiran a tashi makaranta ba. Ka nemi direba amintacce tun kafin ka biya kuɗi.

Ka je da makanike. Ya duba awannin da injin ya yi, wuƙaƙe, bel-bel, musamman robar ƙafafun, don ita ce mai cin kuɗi. Kada ka yarda da jin ƙararsa a fili. A shiga gona da shi. Sannan ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kayan gyaransa.

Ƙananan gonaki masu kunya da yawa suna shan dizal, don haka ka haɗa maƙwabta rana guda, kuma a yanke lada kafin a kunna inji.