Tambayoyinku kan salula: hoton biki da hoton zanga-zanga

Tambaya daga unguwar Bagalam: Malam, na ga hotunan wasan wuta na bikin buɗe gasar Olamfik ta Tokiyo, ina son ɗaukar irinsu daren 18 ga Disamba, ranar bikin Jamhuriyar Nijar, amma nawa kullum dishi-dishi suke fita.

Amsa: Hannunka ne yake rawa, ba salularka ce ta lalace ba. Ka kafa ta a kan abu mai ƙarfi, ka rage ISO, wato ma'aunin yadda kamara ke karɓar haske, zuwa 100, ka bar idon kamara a buɗe daƙiƙa 2 zuwa 4. Ka kuma kashe filasha, domin haskenta ba ya wuce ƴan mitoci, balle ya kai sama.

Tambaya daga wani ɗalibi ɗan unguwar Ali Ɗan Sofo da ke karatu a waje: Na ɗauki hotunan masu zanga-zangar adawa da wani babban bikin wasanni a garin da nake. Yaya zan tura su ta WhatsApp da Facebook ba tare da kyansu ya ragu ba?

Amsa: Ɗana, kyan hoto ne ya dame ka, ni kuwa fuskokin da ke cikinsa ne suka hana ni sukuni. Irin wannan zanga-zanga ba baƙuwa ba ce. A watan Yunin 2013 jama'ar Barazil sun cika tituna suna ƙorafin kuɗin da aka zuba wa Kofin Duniya na 2014, kuma daren 23 ga Yulin 2021, lokacin da aka buɗe gasar Tokiyo ba tare da ƴan kallo ba saboda korona, ana jin muryoyin masu adawa daga cikin filin. Ɗan wasan da ya shiga fili riƙe da tuta ya san duniya na kallonsa, amma wanda ya fito titi bai ba ka izinin kai fuskarsa gaban mai gidansa ko jami'an tsaro ba.

Kowane hoto yana ɗauke da bayanan ɓoye: ranar ɗauka, sa'a, samfurin waya, har da ainihin wurin da ka tsaya idan GPS a kunne yake. Dabarar da kowa ke koya wa abokinsa, wato tura hoto a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse shi, ita ce take kai waɗannan bayanai gaba ɗaya ga duk wanda ya karɓa. Saboda haka ka hana kamararka sanin wurin da kake tun kafin ka fita, ka riƙa ɗaukar taro ta baya ko daga nesa, ka mai da hankali kan alluna da hannuwa. Ni manhajar Signal nake amfani da ita, domin tun 2020 tana da hanyar dusashe fuskoki kafin a tura. Ka kuma kulle wayar da lambobin sirri maimakon zanen yatsa, tunda yatsa ana iya kama shi a ɗora.

Tambaya daga Sabon Gari: Salulata ta cika ana tsakiyar kokowa a filin Maraɗi.

Amsa: Bidiyon 4K, wato mai tsananin inganci, shi ne ya cinye wurin. Ka rage ingancin zuwa 1080, ka kwashe tsoffin hotuna zuwa kwamfuta tun daren jajibiri.