Mai sharhi, marubuci, kuma maɗabi'i: suna haɗuwa?

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a unguwar Zariya, Maradi. Ina sharhin wasan kwaikwayo da waƙoƙi a rediyo, ina kuma son buga littattafaina da na wasu. Shin mutum ɗaya zai iya riƙe duka ukun?

Amsa: Malama, zai iya. Abubakar Imam yana marubuci ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ta Najeriya a 1939, kuma aikin jarida bai dushe alƙalaminsa ba.

Inda nake jin tsoro shi ne amana. Ranar da kika zuba kuɗinki a takarda da tawada, kika ga kwalayen littafi jibge a ɗakinki ba su fita ba, yabon marubucinki zai zo miki a baki da sauƙi, masu sauraro kuwa ba sa mantawa. Don haka kada ki yi sharhin littafin da kika buga. Ki miƙa shi ga wani, ko da zai soke shi.

Kafin ki kai aiki maɗaba'a, ki rubuta yarjejeniya da kowane marubuci, ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, sannan ki tuntuɓi BNDA, hukumar kare haƙƙin marubuta da masu fasaha ta Nijar, kan haƙƙin mallaka.