Fitar da makin haɗarin lafiya daga bayanan MEPS a Stata

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya fitar da makin haɗarin lafiya (makin da ke hasashen kuɗin maganin mutum bisa cututtukansa) daga MEPS, binciken kuɗin magani na gidajen Amurka da hukumar binciken kiwon lafiya ta AHRQ ke yi tun 1996, a kuma nazarce shi da manhajar ƙididdiga ta Stata.

Za a iya, amma ga inda gizo ke saƙar. Fayilolin da aka sakar wa jama'a sun datse lambar cuta ta ICD-10 (tsarin duniya na ba cututtuka lamba) zuwa gurbi uku na farko don kare sirrin mutane, alhali tsarin HCC, wanda ke tara cututtuka rukuni-rukuni don fitar da makin, cikakkiyar lamba yake buƙata. Misali, E11 (lambar ciwon sukari nau'i na biyu) kawai za ka gani, ba za ka bambance mai ciwon sukari zalla da wanda cutar ta taɓa masa ƙoda ba, kuma rukuninsu a HCC ba ɗaya ba ne. Wannan ya fi damuna. Cikakkun lambobin sai ka nemi izini a cibiyar bayanan AHRQ.

Kafin kowane lissafi, ka gabatar da svyset, umarnin da ke sanar da Stata yadda aka zaɓi samfurin, da VARSTR, VARPSU (ginshiƙan tsarin samfurin a fayil ɗin) da nauyin mutum na shekarar (yawan jama'ar da kowane mutum ke wakilta). Kada ka goge layuka don ware rukuni, yi amfani da subpop, zaɓin da ke ware rukuni ba tare da gogewa ba. In za ka nazarci kuɗin magani, tunda da yawa ba su kashe ko sisi ba, raba lissafin biyu: wa ya kashe, sannan nawa.